Gayyar Kwashe Leda a Bakin Tekun Mumbai

A gaɓar yamma ta ƙasar Indiya akwai wani babban birni wanda a da a ke kira Bombai, amma tun 1995 aka mai da sunansa Mumbai. Birni ne na ciniki da jiragen ruwa, kuma daga cikinsa ne yawancin finafinan Indiya da a ke kallo a ƙasar Hausa su ke fitowa. A ƙidayar 2011 an sami mutum fiye da miliyan 12 a cikinsa, ban da na garuruwan da suka manne da shi. Ta wajen arewa maso yamma akwai wata unguwa a bakin teku, sunanta Versova. Asalinta ƙauyen masunta ne, wata kabila da a ke ce da su Koli, waɗanda su ke zaune a wannan gaɓa tun birnin bai zama birni ba. Sana'arsu su, matansu kuwa su ke shanya kifi a kan gora su kai kasuwa.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya haɗa filin manoma da bakin teku, ga shi kuwa da yawa cikin manoman ƙasar nan ba su taɓa ganin teku da idonsu ba? Abin da ya haɗa su leda ce. Ledar da ta rufe rairayin Versova ita ce dai wadda garma ke tonowa a gonakin bayan gari, ita ce kuma mahauta ke samu cikin tumbin akuya. Mutanen Versova sun yi mata gayya shekara da shekaru, sun ga abin da gayya ke iyawa, sun ga kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Wanda ke shirin tara jama'a su yashe lambatu kafin damina ya kamata ya ji yadda tasu ta kasance.

ABIN DA BA YA RUƁEWA

Leda da roba daga man fetur da iskar gas a ke yinsu. A 1933 ne masana a wani kamfani a Ingila suka yi kiciɓis da irin robar da a ke yin leda da ita, sa'an nan a 1965 wani kamfani na ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu, irin wadda mai kanti ke zuba wa mutum kaya. A 1950 robar da aka yi a duniya duka ba ta wuce ton miliyan 2 ba. A 2019 ta kai ton miliyan 460. Cikin sharar robar da a ke zubarwa kuwa, kashi 9 kaɗai cikin ɗari a ke narkewa a sāke yin wani abu da ita. Saura ko a ƙone, ko a binne, ko a bar wa iska da ruwa.

Sharar da kakanni suka sani, watau toka da kara da ganye da kashin dabbobi da fasasshiyar ƙwarya, in ta shekara a juji sai ta zama taki. Leda ba haka ta ke ba. Gara ba ta cin ta, ruwa ba ya narkar da ita. Rana kan gasa ta har ta yi ƙwari ta kakkarye, amma kakkaryewa ba ruɓewa ba ce, gutsattsarin suna nan cikin ƙasa ko cikin ruwa, sai dai ido ya daina ganinsu.

Rairayin Versova tsawonsa kilomita 2.5 ne, wajen mil ɗaya da rabi ke nan. Ya zuwa 2015 da ƙyar a ke ganin yashi a wurin. Leda ce, da buhunan siminti, da kwalabe, da tsummoki, da silifas, sun cakuɗe da yashi da taɓo sun daskare, har a waɗansu wurare tudun ya kai ƙafa biyar da rabi, watau tsayin mutum. Abin lura shi ne, galibin wannan shara ba masu zuwa shan iska ne suka zubar da ita a nan ba. A gefen unguwar akwai wani mashigin ruwa da a ke kira Malad, inda manyan magudanun birni su ke zubowa. A bakin waɗannan magudanu talakawa dubbai sun kafa bukkoki, motar shara ba ta isa gare su, sabo da haka magudanar ita ce jujinsu. Ruwa ya kwashi sharar ya fitar da ita teku. Teku kuwa tana cikowa tana janyewa sau biyu ko wace rana, in ta ciko ta kawo kayan, in ta janye ta bar su a kan yashi. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin daminarsu, iska na busowa daga teku da ƙarfi, abin sai ya ninka.

MUTUM BIYU

A 2015 wani matashin lauya mai aiki a Babban Kotun Bombai, sunansa Afroz Shah, ya tare a wani gida da ke duban wannan rairayi. Ya san wurin tun yana yaro, lokacin da a ke wasa a kan yashin. Maƙwabcinsa wani dattijo ne ɗan shekara 84, Harbansh Mathur. Su biyun nan suka yi shawara, a watan Oktoba na shekarar suka sa safar hannu suka sauka bakin teku suka fara tsintar leda suna zubawa a buhu.

Duk wanda ya ga lauya da tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu sun tasam ma shara mil ɗaya da rabi da hannu, ya ce yasar teku su ke yi da ludayi. Ga shi kuma Afroz Shah lauya ne, hanyar da ya fi sani ita ce ya rubuta takarda ya kai hukumar birni ƙara, a yi ta ɗaga shari'a. Bai bi ta nan ba. Ko wace Asabar da Lahadi sai su fito, in sun tashi ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana roƙon mutane su zo su ba da sa'a biyu ko uku. Bai tsaya ga masu gidajen bene ba, ya shiga cikin masunta da mazauna bukkoki, waɗanda a ke ɗora wa laifin ƙazantar, ya gayyace su kamar kowa. Wannan dabara ce mai kyau, gama mutumin da aka zaga da safe ba ya zuwa gayya da hantsi.

Dattijo Mathur bai ga ƙarshen abin ba. Yana fama da ciwon daji, ya rasu tun aikin bai yi nisa ba. Amma kafin nan mutum biyu sun zama goma, goma sun zama hamsin, har aka kai ga ranakun da ɗaruruwa ke fitowa: 'yan makaranta da malamansu, ma'aikatan ofis, matan aure, masunta, da 'yan wasan fim, don da yawansu a wannan sashe na birni su ke zaune. Ba a biyan kowa ko anini. Lauyan ma daga aljihunsa ya riƙa kashe kuɗi.

Aikin ba tsintar takarda ba ne a filin makaranta. Ledar da ta daɗe cikin jiƙaƙƙen yashi takan cika da ƙasa ta yi nauyi, ta sarƙe da tsumma da igiyar taru, sai mutum uku ko huɗu sun taru su ja, kamar masu tuge kututture a sabuwar gona. Ga wari, ga fasassun kwalabe, ga ƙazantar bayan gida, domin mutanen da ba su da masai nan su ke zagayawa. Wannan ya sa 'yan gayyar suka koma ga masai na jama'a da ke unguwar, waɗanda suka toshe aka daina shiga, suka wanke guda 52 da hannunsu. Sun kuma dasa itatuwan kwakwa a bakin gaɓar. Lokacin aiki kuwa ba su ke zaɓa ba, teku ke zaɓa, sai ta janye a ke samun wurin tsayawa.

Da abin ya yi ƙarfi, hukumar birni ta shigo da leburori da motocin kwasar shara da na haƙa. Nan ne aikin ya yi sauri, kuma ya kamata a faɗi gaskiya, hannu kaɗai ba zai kwashe tudu mai tsayin mutum ba. Amma motocin ma ba su zo ba sai da aka ga mutane sun fito mako bayan mako ba fashi. Daga baya Amitabh Bachchan, wanda ba sai an gaya wa masu kallon fim ɗin Indiya ko wane ne ba, ya saya musu tarakta da motar haƙa kyauta.

A 2016 shugaban sashen kula da muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, Erik Solheim, mutumin Norwe, ya zo da kansa ya tsinci leda tare da su. Sashen ya ce wannan ita ce sharar bakin teku mafi girma da aka taɓa yi a duniya, a ƙarshen shekarar kuma ya ba Afroz Shah babbar lambar girmansa. A watan Mayu na 2017, bayan mako 85, aka ɗauki hoton rairayin fes, yashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin da aka kwashe ya zuwa ranar ya haura kilo miliyan 5, watau ton 5,000. In da hatsi ne a buhu mai kilo ɗari, buhu 50,000 ke nan. Firayim Minista Narendra Modi ya yaba musu a jawabinsa na rediyo a watan nan.

RANAR DA GAYYA TA WATSE

Masu ba da wannan labari sun fi son su tsaya a nan. Amma abin da ya faru bayan wata shida ya fi amfani ga mai son koyo.

A watan Nuwamba na 2017, bayan mako 109, Afroz Shah ya ba da sanarwa cewa ya dakatar da aikin. Dalili biyu ya bayar. Na ɗaya, waɗansu 'yan iska sun zo suna zagin masu aikin suna yi musu barazana. Na biyu, wanda ya fi ci masa rai, sharar da jama'a suka tara da guminsu ta yi watanni a jibge a gefen rairayi, hukumar birni ba ta aiko an kwashe ba. Mutum ya bar barcin safiyar Lahadi ya cika buhuna, ya komo mako mai zuwa ya tarar da su inda ya bar su, iska ta fara mai da ledar inda aka tsinto ta. Ba mai jure wannan har abada.

Da labarin ya bazu a jaridu aka yi ta surutu. Devendra Fadnavis, wanda ke Babban Ministan jihar Maharashtra a lokacin, watau kamar Firimiya, ya kira lauyan suka gana, aka yi alkawarin kwashe tarin da ba masu aikin tsaro. Ba a yi wata guda ba aka koma bakin aiki. To, a duba nan: mutane ba su gaji da aikin ba, ba su nemi lada ba, abin da ya kusa kashe gayyar rashin motar da za ta ɗauke abin da aka tara ne. Jama'a na iya tarawa, amma ba su da juji, ba su da mota. Wannan rabon hukuma ne, in ta saki nata gefen, na jama'a ma sai ya faɗi.

Ko da an kwashe ɗin ma, ina a ke kai ta? Jujin birni. Mafi tsufa cikin jujin Mumbai shi ne na Deonar, wanda aka buɗe tun 1927, shara ta taru a cikinsa ta zama duwatsu. A watan Janairu na 2016 wuta ta kama shi, hayaƙi ya rufe unguwannin kusa har aka rufe makarantu, na'urorin da ke shawagi a sararin sama ma sun ɗauki hotonsa. Ashe ledar da ta bar bakin teku ba ɓacewa ta yi ba, ƙaura ta yi daga ƙofar waɗansu zuwa ƙofar waɗansu.

BAƘIN DA SUKA KOMO

Ran 22 ga Maris 1918 ba a san leda ba a duniya. Ran 22 ga Maris 2018 da safe, masu shara a Versova suka ga waɗansu 'yan ƙananan halittu, ko wanne bai kai tafin hannun yaro ba, suna fitowa daga yashi suna rarrafe wajen ruwa. 'Ya'yan kififiyar teku ne, wajen guda 80. Aka kira ma'aikatan gandun daji, suka zo suka duba suka tabbatar, aka tsare su daga karnuka da tsuntsaye har suka shiga teku. An ce rabon da a ga haka a wannan rairayi an yi wajen shekara ashirin.

Wannan irin kififiya a teku ta ke rayuwarta duka, sai lokacin ƙwai uwar ta fito da dare, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma. Zafin yashi ke ƙyanƙyashe su cikin kwana 45 zuwa 60. Sabo da haka sai da yashi mai taushi wanda za ta iya haƙawa, kuma sai hanya ta zama a buɗe daga rami zuwa ruwa. A kan tudun leda ba ta iya ko ɗaya. A cikin teku ma leda na kashe ta, don in tana yawo a ruwa takan yi kama da wata halitta mai yauƙi da kififiya ke ci. Manomin da ya ga gauraka ta komo fadamar da ta daɗe da bari ya san irin abin da mutanen nan suka ji.

Amma fa da damina ta zo a shekarar, teku ta sāke amayo shara a kan rairayin, haka kuma ta yi a daminun da suka biyo baya. Ba abin mamaki ba ne. Magudanun da ke zuba cikin Malad ba su daina zuba ba. Sharar bakin teku kamar noman ciyawa ce a gonar da maƙwabcinta ya bar tasa ta yi iri: a yi na fari, a yi maimai, baɗi a sāke. Afroz Shah ya gane haka, shi ya sa daga 2018 ya mai da ƙarfinsa sama, inda sharar ke fitowa. Ya shiga kogin Mithi, wanda ke ratsa tsakiyar birnin wajen mil 11 kafin ya faɗa teku a Mahim, yana shara, yana kuma bin bukkokin bakin kogin yana nuna wa matan gida yadda za su ware leda daban su aje, a zo a karɓa.

Mutanen Mumbai sun san kogin Mithi da baƙin tarihi. Ran 26 ga Yuli 2005 aka yi ruwa milimita 944 cikin yini da kwana, inci 37 ke nan, abin da Kano kan samu a damina guda cur ko ma ya ɗara. Kogin ya cika ya tumbatsa, birni ya nutse, mutum fiye da dubu suka hallaka a jihar. Ruwa irin wannan ko ina ya sauka sai ya yi ɓarna, amma cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da ledar da ta toshe magudanu.

DOKA DA KASUWA

Jihar Maharashtra ta hana jakar leda da kofuna da faranta na roba masu amfani sau ɗaya, dokar ta fara aiki ran 23 ga Yuni 2018. Tarar laifin fari rufi 5,000, na biyu 10,000, na uku 25,000 da ɗaurin wata uku. Gwamnatin Indiya ta biyo baya da tata dokar ran 1 ga Yuli 2022. An kama mutane, an ci tara, amma ledar ba ta bar kasuwa ba, domin mai sayar da kifi da mai tumatir ba su sami abin da ya kai ta araha ba.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane abin da ke ƙasan wannan al'amari. Gorar ruwa ta roba da tsohon bokiti da kujerar da ta karye suna da mai saye a kan sikeli, sabo da haka ba su daɗewa a juji, masu tsince-tsince na kwashe su. A unguwar Dharavi ta Mumbai akwai dubban mutane da ba su da sana'a sai ware roba da niƙa ta, kamar dai yadda 'yan jari bola ke yi a Kano da Kaduna. Amma siririyar leda, da ledar alewa da ta omo da ta ruwa, sai an tara ɗaruruwa kafin su yi kilo guda, ga datti, kuɗinsu bai biya wahalar sunkuyawa ba. Ita ce ke saura a ƙasa, ita ce ke zuwa lambatu, ita ce kuma dabba ke ci.

TUMBIN SANIYA

A biranen Indiya shanu na yawo a titi ba mai taɓa su, suna kiwo a juji. A watan Oktoba na 2019 likitocin jami'ar koyon aikin dabbobi a birnin Chennai suka yi wa wata saniya aiki, suka fitar da leda kilo 52 daga cikinta, fiye da buhun siminti guda. Wannan ba ciwon Indiya kaɗai ba ne, duk mahaucin da ke fiɗa a mayankar babban gari a ƙasar nan ya san shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Saniya da tunkiya da akuya ba su tauna abinci sosai a karon fari, haɗiyewa su ke yi ya tafi tumbi, daga baya su yi tuƙa. In leda na da ƙanshin mai ko gishiri ko ragowar tuwo, sai dabba ta haɗiye ta da abin da ke ciki. Tumbi ba ya narkar da ita, ba ta kuma wucewa. Yau ɗaya, gobe biyu, juyin tumbi na murɗa su har su zama dunƙule mai tauri kamar igiya. Wurin da ciyawa za ta zauna ya cike. Dabba ta rage ci, ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ragu, kashi ya yi kaɗan, ciki kuwa a kumbure, in an danna ta hagu a ji tauri. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Ba wani jiƙo ko allura da ke narkar da leda, sai likitan dabbobi ya tsaga ya fitar, in dabbar ta kai a kashe mata kuɗin. Abin ya fi yawa da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare aka saki dabbobi su nemi na kansu, kuma dabbar da ke ƙishin gishiri ta fi lasar abin da ta gani. Mai kiwo a cikin gari ya fi samun kwanciyar rai in ya ɗaure nasa ya ba su harawa da dusa da kanwa. Mai sayen ragon layya ko san turka kuwa ya taɓa cikin kafin ya biya.

Gona ma ba ta tsira ba. Tun zamanin da, manoman kewayen Kano ke auno sharar birni a mangala bisa jakuna su zuba a gona, wannan na cikin abin da ya sa ƙasar ke ba da amfani shekara da shekaru ba hutu. Sharar yanzu cike ta ke da leda. In aka watsa ta haka aka yi huɗa, ledar na shiga ƙarƙashin kunya, ta tare ruwa, ta tare saiwa, ta naɗe bakin garma, da kaka kuma dabbobin da suka shigo cin kara su same ta. Gara a tsince ta tun tulin takin na wuri ɗaya, kafin a baje. Ƙonawa kusa da gida ko inda yara su ke ba shi da kyau, hayaƙinta na cutar ƙirji.

Ruwan ƙasar nan kuwa ba a nan ya ke tsayawa ba. Na Kaduna da na Sakkwato cikin Kwara su ke zuba, Kwara ta kai teku. Na Kano da Haɗeja ya nufi wajen tafkin Chadi, ta cikin fadamun da a ke noman shinkafa da kamun kifi. A 2017 waɗansu masana a Jamus suka lissafa koguna goma da suka fi kai roba teku, takwas a Asiya, biyu a Afirka, watau Nilu da Kwara. Wani binciken na 2021 ya ce abin ya fi haka yaɗuwa, koguna fiye da dubu ne ke ɗauke da kashi 80 cikin ɗari, kuma da yawansu ƙanana ne masu ratsa cikin birane, irin su Mithi. Ko wanne aka ɗauka, mafarin ɗaya ne, lambatun ƙofar gida.

A watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi za su ƙulla yarjejeniya a kan sharar roba. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, an sāke zama a Janiba a watan Agusta na 2025, duka biyu aka tashi ba a daidaita ba, don ƙasashe sun rabu a kan ko za a rage yawan robar da a ke yi, ko kuwa a tsaya ga kwashe wadda aka zubar.

Unguwar da za ta yi gayyar lambatu bana, kafin a sa rana a fara zuwa wurin mai unguwa da ma'aikatan tsabta a san motar da za ta zo, ko a yi jinga da masu kura da amalanke, a kuma san inda za a kai. A nemi safar hannu da takalman roba sabo da kwalba da ƙusa. A ware gora da tsohuwar roba gefe guda, 'yan jari bola za su saya, kuɗin ya sayi shebur. Abin da aka yaso kuwa kada ya kwana a bakin lambatu, domin in bai koma ciki da ruwan fari ba, awakin unguwa za su riga mota zuwa wurin.